Wasiƙa ta Shida a Kan Motar Orville

Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Wata har cewa ta yi in na san ba zan iya ƙarasa labari ba me ya kai ni farawa. To 'yar nan, shekarata saba'in da uku, yatsuna ba sa gudu a kan waya, kuma wannan shafin sau uku ina rubuta shi ina gogewa, don ba ni da gaskiya a cikinsa. Ku karanta, mai zagi ya zaga, na riga na zagi kaina.

Wanda ya shigo yau, Orville Hanchett maƙwabcina ne, gidansa na kallon nawa, titi ne kawai a tsakaninmu. Marigold kuwa ba mace ba ce, motarsa ce ta gida, irin mai gado da murhu da banɗaki a ciki, tsohuwa mai ruwan ƙwai. Marigayiya matarsa Bernadine ce ta raɗa mata sunan. Takardar kowane gida a unguwarmu ta Mesquite Bend na ɗauke da sharaɗin cewa irin wannan mota ba ta wuce kwana biyu a inda ido zai gan ta. Duk mun sa hannu ranar da muka sayi gida, ba wanda ya tsaya karantawa. Kwamitin masu gidaje kuma ba ya motsi sai wani maƙwabci ya kai ƙara, mai ƙarar kuwa ba a faɗin sunansa.

A shafin baya mun tsaya inda aka kira Orville gaban kwamiti.

*

Ranar Talata ne, ƙarfe goma na safe, a ɗakin taron da ke gefen wurin ninkaya. Shi ya roƙe ni in raka shi. Ya ce ba ya son ya shiga shi kaɗai kamar wanda ba shi da kowa, kuma ni ce kawai a titin da na san motar ba ta taɓa tare wa wani hanya ba. Na ce to. Me zan ce?

Ya sa kwat a cikin wannan zafin namu na Arizona. Na ce masa ko ɗaurin aure za mu, ya ce a'a, jana'iza, amma tukuna bai san ta wane ne ba.

Gwen Stoltz ce shugaba. Kun san ta, mai auna tsawon ciyawar mutane da ido daga cikin motarta. Tana zaune tsakanin maza biyu da ba su ce uffan ba har aka tashi. Ta yi mana murmushin nan nata da ba ya wuce haƙora, ta buɗe fayil ta fara karatu. Sashe na tara. Gidan da aka aika wa wasiƙar gargaɗi shida a cikin shekara guda a kan abu ɗaya, an hana abin shiga unguwar gaba ɗaya. Ba kwana biyu, ba awa biyu. An ba shi kwana goma ya fitar da motar, in ba haka ba a kira masu jan mota su ɗauke ta.

Allah ya sani ban taɓa jin wannan sashen ba.

Orville ya tambaya wa motar ta cuta. Gwen ta ce ba maganar cuta ake ba, maganar abin da ya sa wa hannu ake. Ya ce shekara goma sha tara motar na nan ba wanda ya yi tari. Ta ce shekara goma sha tara ba a kawo ƙara ba, bana an kawo shida.

"Wane ne?" ya ce.

"Ka san ba zan faɗa ba, Mista Hanchett."

"To ai ina da ikon ganin shaida ko?"

Wannan kam yana da shi. Ta zaro hotuna shida ta jera a kan tebur, ta juya su suna kallonsa.

Jama'a, na farkon ba nawa ba ne. Sauran biyar ɗin ni na ɗauke su.

Eh, ni. Maurine Tackett, da ke zaune a gefensa da jaka a cinya, wai ta zo ba shi baya. Ni na ɗauka daga tagar kicin ɗina, ni na tura wa kwamiti ba suna, sau biyar.

Ya ciro tabarau ya sa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a hankali, yadda yake bin taswira. Da ya zo na huɗu sai ya tsaya. Ya ɗaga shi ya kai kusa da ido. Ya daɗe yana kallo har ɗaya daga cikin mazan ya gyara zama. Sannan ya tambayi Gwen ko zai iya riƙe wannan, ta ce kwafi ne, ya riƙe. Ya naɗe shi biyu ya sa a aljihun kwat, ya gode musu, ya miƙe.

Muka taka zuwa gida bai ce mini komai ba. Mutumin da ko kare ya gifta sai ya samu abin da zai tsokane ni da shi. Da muka iso tsakanin gidajenmu ya taɓa bakin hularsa ya tsallaka, ni na tsaya a rana kamar an dasa ni.

*

Na san za ku ce me ya kai ni. Ku bari in faɗa da bakina.

Clifford mijina ya shekara huɗu da rasuwa. Ɗana yana can Seattle, yana kira ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, shi ma rabin hirar da matarsa yake yi a gefe. A titinmu kowa yakan danna maɓalli daga cikin mota, garejin ya buɗe, ya shige, ya rufe. Za ka shekara ba ka ga ƙafar maƙwabcinka ba. Mai kawo kaya ma ya daina ƙwanƙwasawa, jefarwa yake ya ɗauki hoto ya wuce. Akwai satin da na lura ban yi magana da ɗan Adam ba tun Lahadi, sai na gwada muryata a kicin don in ji ko tana nan.

Sai wasiƙar farko ta zo wa Orville, wata biyu bayan binne Bernadine. Ban san wanda ya kai waccan ƙarar ba har yau. Da safe na ji ana buga ƙofata, bugu na gaske, da hannu. Na buɗe na gan shi da mukullai, ya ce, "Maurine, kin iya ɗaga hannu?"

Marigold tana shiga ne da kai ta wani lungu tsakanin gidansa da katanga, fita kuwa sai da baya, kuma motar da ta kai ƙafa talatin ba a baya da ita sai da mutum a tsaye yana nuna hanya. Aikin Bernadine ne shekara da shekaru. Ya koya mini a nan bakin ƙofa. Hannu biyu suna kira, taho. Hannu ɗaya a miƙe, karkata can. Dunƙule hannu, tsaya. Sannan ya ce akwai doka ɗaya da ta fi duka, kuma tasa ce ba tawa ba.

"In ban gan ki a madubi ba, tsayawa zan yi. Ko me ake ciki. Ba na motsi sai na gan ki."

Muka fitar da ita lafiya. Ya faka a bakin titi ya ce in shigo ya haɗa kofi kafin ya kai ta filin coci, inda fasto ya yarje masa kwana uku. Muka zauna a ɗan teburin nan na ciki, gwiwa na kusan taɓa gwiwa, ya ce kofina na gida ruwan wanki ne, na ce nasa kwalta ce. Awa guda muka yi. Na dawo gida ina dariya ni kaɗai.

Bayan kwana uku ya dawo da ita ya shige da kai, bai buƙaci kowa ba. Daga nan shiru. Sati bakwai. Sau biyu ina gasa burodin ayaba ina naɗewa, ina zuwa har akwatin wasiƙuna, sai in ce in ya buɗe ƙofa me zan ce na zo yi? A nan ba a buga ƙofar mutum ba dalili. Sai in juya in cinye abina a tsaye.

Rannan ina wanke kofi ɗaya da cokali ɗaya, motar na gabana ta taga, wayata na gefe, sai na ɗauki hoto na tura wa kwamiti. Shi ke nan. Bayan kwana huɗu aka buga ƙofata.

Na ce sau ɗaya ne. Sai ya zama biyu. Na ɗauka wasiƙa ce kawai, takarda, ya fitar ya dawo, wa ya mutu?

*

Bayan zaman kwamiti kwana takwas bai dubi gidana ba. Ina tagar ina kallo yana jidar kwali daga gida zuwa mota. Ranar Alhamis wani saurayi mai sheƙi, dillalin gidaje, ya zo ya kafa allon sayarwa a ciyawar gaban gidan. Na zauna a kujera na kasa tashi har kofi ya huce.

Rana ta tara, wajen ƙarfe tara na safe, aka buga. Bugu uku, nasa.

Na buɗe. Bai yi aski ba. Bai gaishe ni ba, ya ce zai iya shigowa? Ya wuce ni kai tsaye zuwa kicin kamar gidansa, ya tsaya gaban wurin wanke-wanke, ya ciro hoton ya ɗaga shi a jikin taga.

"Zo ki gani."

Na zo. A kusurwar hoton ta sama, can gefe, akwai ɗan ja. Kwalbar ruwan sukarin da nake rataye wa ƙananan tsuntsaye ce, da lanƙwasasshiyar wayar da ke riƙe da ita. Ga ta nan kuma a waje tana lilo, daidai inda take a hoton.

"Wayar rataye riga ce," ya ce. "Ni na lanƙwasa ta da filaya, ni na hau tsani na ɗaura miki, watan Maris. Kin tuna kin ce ta karkace?"

Na ce na tuna.

"Nawa ne naki?"

"Biyar."

Ya gyaɗa kai. Da ya yi ihu da na fi jin daɗi. Ya jawo kujera ya zauna, ya ajiye hularsa a kan tebur.

"Na zargi Gwen. Na zargi mutanen gidan da ke kan kwanar titi, har na daina ɗaga musu hannu. Duk wasiƙar da ta zo ke nake kawo wa, kina karantawa kina tsaki kina cewa mutane ba su da tsoron Allah. Maurine, me na yi miki?"

Sai na ji haushi ya taso mini, haushin kaina ne amma a kansa ya sauka. Na ce ba abin da ya yi mini, abin ke nan. Sati bakwai yana tsallaken titi, taku ashirin, ko leƙe. Na faɗa masa komai, har burodin ayaba, har gwada murya a kicin. Na ce ban san da sashe na tara ba, in na sani hannuna ya bushe. Ina magana ina kuka, irin kukan tsofaffi marar kyan gani, ina share hanci da tsumman kwanuka.

Ya bari na gama.

"Wato don in buga miki ƙofa."

"Eh."

"Don kofi."

"Kofin ma ba daɗi," na ce, ban san lokacin da ta fito ba.

Bakinsa ya ɗan motsa, amma bai yi dariya ba. Ya juya hular a kan tebur sau biyu. Sai ya tambaye ni, kwana ukun da motar take yi a filin coci, ina nake zaton yake kwana? Na ce a gida mana, ai ina ganin fitilar falonsa tana kamawa da yamma. Ya ce agogo ne ke kunna ta, Bernadine ta haɗa tun suna tafiye-tafiye don ɓarayi.

"A ɗakinmu ta cika," ya ce. "Tun ranar da suka zo suka ɗauke gadon asibitin ban sake kwana a gidan nan ba. Ko sau ɗaya. Ina shiga in yi wanka in ɗauki kaya in fito. A cikin motar nake kwana, a ciki nake ci. Kofinta na nan a rataye, rigar sanyinta na bayan kujera. Duk ƙarar da kika tura, kwana uku nake yi a filin coci ni da kwandon shara."

Na riƙe bakin tebur.

"Ba mota kika kora ba, Maurine."

Na ce zan je wurin Gwen yanzu, da wannan silifas ɗin, in ce ni ce, in ce ƙarya na yi, in janye. Ya ce ya riga ni. Ya je jiya ya tambaya ko mai ƙara zai iya janyewa, bai faɗi suna ba. Ta ce hotuna ba su yi ƙarya ba, motar ta wuce kwana biyu ko ba ta wuce ba? An yanke, an rubuta, ya shiga takardar gidan. Ya ce ya samu fili a wani sansanin motocin gida kusa da ƙanwarsa a New Mexico, tafiyar awa bakwai. Yau zai kama hanya, ba ya son masu ja su taɓa ta.

Ya miƙe ya sa hula. Ya kai bakin ƙofar kicin ya tsaya, bai juyo ba.

"Sati bakwai ɗin nan da kike faɗa. Ni ma neman dalili nake in tsallako. Har fatan famfonki ya lalace na yi." Ya shafa gemunsa. "Duk ranar da wasiƙa ta zo, kafin in buga miki ƙofa sai na yi aski. Ba ki taɓa lura ba?"

Na lura. Wallahi na lura. Na ɗauka don fasto yake yi.

"Sa takalmi," ya ce. "Ba ni da mai tsaya mini a baya."

*

Rana ta riga ta yi zafi, titi ba kowa, garejoji duk a rufe. Ya zagaya motar ya duba tayoyi, ya naɗe matakala, ya girgiza ƙofofin akwatuna ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba. Ya hau. Injin ya yi tari sau biyu ya kama.

Na je na tsaya a wurina, bayan motar ta hagu, kusa da akwatin wasiƙunsa. Na duba dogon madubin nan na gan shi, ƙarami, da hula da furfurar gemun kwana takwas. Shi ma ya gan ni. Ya ɗaga yatsa biyu.

Na ɗaga hannuwana na kira. Taho.

Marigold ta fara fitowa daga lungu tana kuka a hankali. Na miƙa hannun dama, ya karkata, ta wuce kusurwar katanga da tazarar tafin hannu. Na iya aikin nan fa, sau shida na yi shi, ko fenti ban taɓa bari ya goge ba. Taho. Taho. Ina ja da baya tana biyo ni. Lambar motar ta wuce allon sayarwa. Saura tayoyin baya su sauka kan kwalta, ya murza sitiyari, ya miƙe ta, daga nan ba ya buƙatar kowa har New Mexico. Yau ba kofi. Gobe in na tsaya wanke kofi ɗaya da cokali ɗaya, lungu zan gani da tabon mai a ƙasa.

Hannuwana suka yi nauyi. Na dubi madubin, yana kallona yana jiran alama.

Na sauke su.

Na yi taku ɗaya zuwa dama. Na ƙara ɗaya. Na ƙara, har na tsaya daidai tsakiyar bayan motar, gaban tayar safaya, inda ba madubin da ke kaiwa. Daga nan ba na ganinsa, shi ma ba ya ganina.

Motar ba ta tsaya nan take ba. Ta ci gaba da tahowa, zafin hayaƙinta na dukan ƙafafuna, har na iya karanta ƙananan sunayen garuruwan da Bernadine ta manna a jikin marfin tayar. Ban matsa ba.

Sai jajayen fitilu suka kama.

"Maurine?"

Na tsaya inda nake.

"Maurine, ba na ganin ki."

Na dunƙule hannuwana a jikin siket, na cije leɓe. Injin na ta kaɗawa, ni kuma ina tsaye a rana.

Aka kashe injin. Sai na ji ƙofar direba ta buɗe.